Gyaran Bankuna na 2009: Ajiyar Baba Ta Tsira, Hannun Jarinsa Ya Nutse

Wanda lamarin ya shafa

Akwai wani dattijo mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, abokin mahaifina tun suna samari, Baba nake ce masa. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma sunan bankinsa. Ya isa a ce bankin yana cikin takwas ɗin da Babban Bankin Najeriya ya sauke shugabanninsu a 2009. Abin da ya sa na ɗauki lamarinsa shi ne ta ƙofa biyu ya shiga bankin nan. Yana da asusun ajiya inda kuɗin cinikinsa ke kwana. Yana kuma da hannun jari a bankin, wanda ya saya rabi da guminsa, rabi da rancen da bankin da kansa ya ba shi. Ba zai yiwu a ba da labarin abin da ya samu kuɗin nan kashi biyu ba sai an bi ta kan masana tattalin arziki biyu da suka riƙe Babban Banki a jere, Charles Soludo da Sanusi Lamido Sanusi, musamman na biyun.

2004 zuwa 2005: an haɗe bankuna

Lokacin da Soludo ya karɓi Babban Banki a Mayun 2004, bankuna 89 ne a Najeriya, yawancinsu ƙanana, wasu ma ba su da abin dogaro sai ajiyar ma'aikatun gwamnati da cinikin dala. Mutane ba su manta da 1998 ba, shekarar da aka rufe bankuna 26 a lokaci guda, masu ajiya suka yi ta sintiri. Baba yana cikin waɗanda tun daga lokacin suka koma ɓoye kuɗi a akwatin ƙarfe a ƙuryar shago.

Ranar 6 ga Yulin 2004 Soludo ya sanar cewa mafi ƙarancin jarin banki ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma wa'adin cika shi 31 ga Disambar 2005. Wanda ba zai iya shi kaɗai ba, ya nemi abokin haɗewa. Da wa'adi ya cika, bankuna 25 suka rage, aka soke lasisin 14 da suka kasa samun mafaka. Bankin Arewa da kowa ya sani a Kano ya narke cikin Unity tare da wasu bankuna takwas.

Hanyar da yawancin bankunan suka bi wajen tara jarin ita ce sayar da hannun jari ga jama'a. Nan ne ma'aikatan banki suka fara shiga kasuwanni da fom a hannu, shago shago. A wannan zagayen farko Baba bai saya ba. Asusu kawai ya buɗe, don ya ga bankin ya girma, kuma yana bukatar hanyar tura kuɗi Legas ba tare da ɗaukar jaka a motar dare ba.

2006 zuwa farkon 2008: kasuwa ta yi zafi

Bankunan da suka tsira sun wayi gari da kuɗin da ba su saba juyawa ba. Farashin ɗanyen mai yana hawa, kuɗin gwamnati na kwarara cikin bankuna, su kuma bankunan suka sake komawa kasuwa karo na biyu, wasu na uku, suna neman jarin da ya ninka biliyan 25 sau da yawa. Tsakanin 2004 da ƙarshen 2007 darajar kasuwar hannun jari ta Legas ta ninka fiye da sau biyar, ta hannun jarin bankuna kuma kusan sau tara.

Ina wannan kuɗi ya tafi? Masaƙu na Kano da Kaduna a rufe suke, ba su ga komai ba. Kaso mai tsoka ya tafi wuri biyu: 'yan kasuwar da ke shigo da tataccen mai daga waje, da rancen sayen hannun jari. Wannan na biyu yana bukatar bayani, domin shi ne ya kama Baba. Mutum zai kawo wani kaso na kuɗi, banki ya cika masa sauran, a saya masa hannun jari, hannun jarin nan kuma ya zama jingina. Muddin farashi na hawa, kowa na murna. In ya faɗi ƙasa da bashin, jinginar ta zama takarda, bashin kuma yana nan da kuɗin ruwansa. Wasu bankunan har rance suke bayarwa a sayi hannun jarinsu na kansu, farashi ya tashi, su nuna wa duniya cewa jarinsu ya ƙaru. Kuɗin masu ajiya ne ke zagayawa ya dawo da sunan jari.

A 2007 wani matashin ma'aikacin banki ya riƙa zuwa shagon Baba. Ina nan wata rana da ya zo, ya cire takalmi ya zauna a kan dilar atamfa, ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabcinka na layin baya ya saya bara, yau kuɗinsa ya ninka. Kai da kake da ajiya a wurinmu ai kai ya fi cancanta." Baba ya ce abin da ke damunsa kuɗin ruwa ne. Yaron ya ce ai kafin wata shida za a sayar da kaɗan a biya bashin, ba zai daɗe a wuyansa ba. Baba ya yi kwana uku yana juya maganar, sannan ya sa hannu. Ya gaya mini daga baya cewa bai tambayi malaminsa ba, don ya san amsar da zai samu.

A farkon Maris na 2008 ma'aunin farashin hannayen jari a kasuwar ya haura maki 66,000, darajarta kuma ta wuce naira tiriliyan 12. Daga nan sai ta fara gangarowa.

Maris 2008 zuwa Mayu 2009: faɗuwa da maganin farko

Masu zuba jari na ƙasashen waje sun fara janye kuɗinsu saboda rikicin da ya taso daga Amurka. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yulin 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekarar ta ƙare. Naira ta sauka daga wajen 118 a kan dala zuwa kusan 150. Masu shigo da mai da suka ciwo bashi suka sayo kaya da tsada sun rasa yadda za su biya. Cikin shekara guda kasuwar hannun jari ta zubar da kusan kashi 70 cikin 100 na darajarta.

Abin da aka fara gwadawa shi ne a sassauta. Babban Banki ya rage kuɗin ruwansa, ya rage abin da yake tilasta wa bankuna su ajiye a wurinsa, ya ba su dama su tsawaita wa'adin rancen hannun jari maimakon su rubuta shi a matsayin asara. A ƙarshen 2008 kuma ya faɗaɗa tagar da bankuna ke karɓar rancen gaggawa daga gare shi, ya tsawaita lokacin biya. Ita ma hukumar kasuwar hannun jari ta taƙaita yawan faɗuwar da farashi zai iya yi a rana, abin da ya sa masu son sayarwa suka yi layi babu mai saye, har aka janye dokar.

Dukkan matakan nan an gina su ne a kan zaton cewa bankunan lafiyarsu lau, ƙarancin tsabar kuɗi ne kawai ya same su na ɗan lokaci. A bainar jama'a ma abin da hukuma ke faɗa ke nan. Amma wasu bankuna ƙalilan suka zama kullum suna bakin tagar nan, su biya yau su sake karɓa gobe, kuma sauran bankuna suka fara ƙin ba su rance ko na kwana ɗaya.

Baba bai san da wannan ba. Abin da ya sani shi ne yaron bankin ya daina zuwa, sai wasiƙa ta zo cewa jinginarsa ba ta kai bashin ba, ya kawo ciko.

Yuni 2009: wanda aka ɗauko

Wa'adin Soludo ya ƙare a ƙarshen Mayu. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya miƙa sunan Sanusi Lamido Sanusi a matsayin sabon gwamnan Babban Banki, Majalisar Dattawa ta amince da shi ranar 3 ga Yuni.

An haife shi a Kano ranar 31 ga Yulin 1961. Kakansa shi ne Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda ya bar gadon sarauta a 1963 ya koma Azare. Mahaifinsa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, jakada ne. Ya yi sakandare a King's College ta Legas, ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1981, ya koyar a can na ɗan lokaci, sannan ya shiga aikin banki a Icon a 1985. Daga baya ya tafi Khartoum ya karanci shari'a, ya dawo a 1997 ya shiga UBA. A 2005 ya koma First Bank a matsayin babban darakta, a Janairun 2009 ya zama shugaban bankin, ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera. Watanni biyar kacal ya yi a kanta.

Abin da ya shafi lamarinmu a tarihin nan shi ne sashen da ya yi aiki. A UBA da First Bank duka, sashen tantance bashi da kula da haɗari ya riƙe, wato ofishin da aikinsa shi ne ya ce a'a. Soludo farfesa ne da ya fito daga jami'a da ofishin tsara manufofi, yana kallon bankuna daga sama. Sanusi daga cikin rumbun ya fito, ya san yadda ake sabunta mataccen bashi a takarda a nuna shi kamar mai rai, kuma yana shugaban First Bank ya ga waɗanne bankuna ne ba a son ba su rance a kasuwar da bankuna ke ranta wa juna.

Makonni kaɗan da shigarsa ofis ya tura masu bincike na Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya, NDIC, cikin bankuna goma. Ya kuma sanar cewa Babban Banki ya tsaya wa duk rancen da banki ya ba ɗan'uwansa banki.

14 ga Agusta da 2 ga Oktoba, 2009

Ranar Juma'a 14 ga Agusta aka sauke shugabannin bankuna biyar da manyan daraktocinsu: Erastus Akingbola na Intercontinental, Cecilia Ibru ta Oceanic, Barth Ebong na Union, Sebastian Adigwe na Afribank da Okey Nwosu na FinBank. A ranar aka naɗa waɗanda za su maye gurbinsu, aka zuba naira biliyan 420 a bankunan a matsayin rance. Binciken ya nuna cewa cikin bashin kusan tiriliyan 2.8 da bankunan biyar suka bayar, sama da tiriliyan 1.1 ba a biya, wato wajen kashi 40 cikin 100. Su biyar ɗin nan kuma su ne ke riƙe da kusan kashi 90 na kuɗin da aka karɓa ta tagar gaggawa.

Zaɓen ranar Juma'a ya ba da kwana biyu kafin a buɗe rassa. Sanarwar ta zo da alkawarin cewa ba za a rufe banki ko ɗaya ba, kuma babu mai ajiyar da zai rasa kwabo. Wannan alkawari ya wuce abin da doka ta tanada, domin a lokacin inshorar NDIC naira 200,000 kawai take biya ga kowane mai ajiya in banki ya mutu.

Kwanaki kaɗan bayan haka Babban Banki ya buga sunayen manyan masu bashi a jaridu, har da attajiran da ba a saba ganin sunansu a irin wannan jeri ba. Wasu sun musanta adadin, an kuma samu kurakurai a jerin. EFCC a ƙarƙashin Farida Waziri ta shiga kame da karɓo bashi. Da aka gama binciken sauran bankuna 14, ranar 2 ga Oktoba aka sauke shugabannin Bank PHB, Spring da Equitorial Trust, aka ƙara zuba biliyan 200, aka ba Wema da Unity wa'adi su ƙara jari. Jimillar kuɗin ceto ta zama biliyan 620.

Ranar aiki ta farko bayan an taɓa bankinsa, Baba ya isa reshe tun kafin a buɗe ƙofa. Ya tarar da mutane, amma ba irin cincirindon da ya zata ba. Ya rubuta cak na kusan duk abin da ke asusunsa. Mai biya ta duba, ta ce, "Baba, duka za ka kwashe?" Ya ce duka. Ta ƙirga ta ba shi. Ya ce mini da ya ga kuɗin sun fito babu gardama sai jikinsa ya yi sanyi, ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hammata yana tunanin ina zai kai su. Bayan mako biyu ya mayar da rabi.

Suka ta taso ta fuskoki da dama. Wasu jaridun Kudu sun ce ajandar Arewa ce, ana so a ƙwace bankunan 'yan Kudu. Ƙungiyoyin masu hannun jari sun ce ba a ba shugabannin damar kare kansu ba, suka tafi kotu. 'Yan majalisa sun tambayi inda aka samo biliyan 620 ba tare da kasafi ba, Babban Banki ya amsa cewa rance ne da dokarsa ta ba shi ikon bayarwa. A Fabrairun 2010, a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Bayero, Sanusi ya lissafa dalilai takwas da suka jawo rikicin, kuma ya sa gazawar Babban Bankin kansa wajen sa ido a cikinsu.

2010: abin da kuɗin ceto bai warware ba

Biliyan 620 ta hana bankunan durƙushewa, amma ramin da ke cikinsu ya fi ta zurfi. Jarinsu ya riga ya koma ƙasa da sifili, kuma babu mai sayen bankin da bashinsa ya fi kadararsa. Sauran bankunan ma sun tsorata sun ƙulle hannu, rance ga 'yan kasuwa ya tsaya cik. Sababbin shugabanni suka shiga rage ma'aikata, dubbai suka rasa aiki, har da yaron da ya kawo wa Baba fom. Ga shi kuma 'Yar'aduwa, wanda ya tsaya wa gwamnan, ya tafi jinya Saudiyya tun Nuwamban 2009, ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010.

Maganin da aka kawo shi ne kamfanin AMCON, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokarsa a Yulin 2010, aka ba Mustafa Chike-Obi shugabancinsa. Aikinsa ya sayi rubabben bashi daga bankuna a farashi mai rahusa, ya biya su da takardun lamuni da gwamnati ta tsaya musu, sannan ya bi masu bashin da kansa. Ya kuma cike ramin jarin bankunan da aka ceto har ya dawo sifili, yadda mai saye zai iya shigowa. Takardun da ya fitar sun haura naira tiriliyan 5. Aka kafa asusun biyan wannan bashi, Babban Banki na zuba biliyan 50 a shekara, kowane banki kuma na ba da kashi 0.3 cikin 100 na kadarorinsa, daga baya aka mayar 0.5. An tsara kamfanin zai yi shekara goma ya naɗe tabarmarsa.

A wannan shekarar aka sauya dokoki da dama. Aka ce shugaban banki ba zai wuce shekara goma ba, abin da ya sa Tony Elumelu na UBA da Jim Ovia na Zenith suka sauka a ƙarshen Yuli duk da bankunansu ba su da matsala. Tun a 2009 an riga an tilasta wa dukkan bankuna rufe lissafin shekara ranar 31 ga Disamba, domin a da kowanne da watansa, sai su riƙa ara wa juna kuɗi a yi ado da su ranar lissafi a mayar washegari. Aka soke lasisin da ke ba banki damar yin kowace irin harka, aka raba bankuna gida uku: na ƙasa da ƙasa da jarin biliyan 50, na ƙasa biliyan 25, na yanki biliyan 10. Inshorar ajiya ta tashi zuwa naira 500,000. A Oktoba kuma Cecilia Ibru ta amsa laifi a kotu, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 191.

Bashin Baba ƙarami ne, bai kai a buga shi a jarida ba. Ya je reshe sau da yawa, a ƙarshe aka yafe masa wani ɓangare na kuɗin ruwa, ya sayar da fili a bayan gari ya biya sauran. Ya ce ya fi son ya kwana ba fili da ya mutu da wannan bashin a wuyansa.

2011: wa'adi

An ba bankunan da aka ceto zuwa 30 ga Satumbar 2011 su samu mai zuba jari. Ƙararrakin masu hannun jari sun jinkirta cinikin, domin kowace yarjejeniya tana nufin kasonsu zai ragu ƙwarai. Ranar 5 ga Agusta, tun wa'adi bai cika ba, aka soke lasisin Afribank, Bank PHB da Spring. NDIC ta mayar da ajiya da kadarorinsu cikin sababbin bankuna uku, Mainstreet, Keystone da Enterprise, AMCON ya zuba musu naira biliyan 679 ya mallake su. An yi wannan ma ranar Juma'a. Ranar Litinin rassa suka buɗe da sabon suna, masu ajiya suka ci gaba da cire kuɗi da tsofaffin cak ɗinsu. Masu hannun jarin bankunan uku kuwa ba su tashi da komai ba.

Ganin haka, masu hannun jarin sauran suka amince da abin da aka kawo musu. Access ya ɗauki Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki FinBank, Sterling ya ɗauki Equitorial Trust, wasu masu zuba jari kuma suka shiga Union.

2012 zuwa 2014: ƙarshen wa'adin gwamnan

Daga nan hankalin Babban Banki ya koma wasu wurare. An ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 12 a Oktoban 2011, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 a 2013. An fara rage yawo da tsabar kuɗi daga Legas a Janairun 2012. A watan ne kuma Jaiz, bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa, ya buɗe a Abuja, Kaduna da Kano, bayan doguwar taƙaddama da shugabannin Kiristoci kan ƙa'idojin da aka fitar. Baba yana cikin waɗanda suka buɗe asusu a can tun farkon farawa. Shirin fitar da takardar naira 5,000 ya gamu da adawa, fadar shugaban ƙasa ta dakatar da shi. Lambar BVN an ƙaddamar da ita a Fabrairun 2014.

Gwamnan bai iya riƙe bakinsa ba, kuma bai yi ƙoƙarin hakan ba. Ya yi faɗa da Majalisar Tarayya kan kuɗin da take ci. A Satumbar 2013 ya rubuta wa Jonathan cewa NNPC bai shigar da dala biliyan 49.8 na kuɗin mai ba, adadin da daga baya ya dawo da shi biliyan 20. Ranar 20 ga Fabrairun 2014 aka dakatar da shi bisa zargin kashe kuɗin Babban Banki ba bisa ƙa'ida ba, Sarah Alade ta riƙe, Godwin Emefiele ya gaje shi. Ranar 8 ga Yuni, kwana biyu bayan rasuwar Sarki Ado Bayero, aka naɗa shi Sarkin Kano. Abin da ya biyo baya a sarauta, tuɓewar 2020 da dawowar 2024, wani labari ne daban.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Matakan 2008 sun gaza ne saboda an yi wa cutar mummunar fahimta. An ɗauka ƙishirwa ce aka yi ta ba da ruwa, alhali tulun ne a fashe. Kowane wata da aka ƙara, asarar ƙaruwa take yi, kuma mutanen da suka haƙa ramin su ne ke riƙe da littattafan.

Abin da ya sa matakin 2009 ya tsaya da ƙafarsa shi ne an yi abubuwa uku a rana ɗaya: an cire shugabanni, an zuba kuɗi, an tsaya wa masu ajiya. Da an cire shugabanni ba kuɗi, da rassa sun cika ranar Litinin. Da an zuba kuɗi an bar shugabannin, da kuɗin sun bi sawun na baya. Cak ɗin Baba da aka biya ba musu shi ne gwajin gaskiya, kuma an yi irinsa a dubban rassa. A ƙasar da ta saba ganin banki ya mutu da kuɗin mutane, manyan bankuna takwas sun faɗi ba tare da mai ajiya ya yi asara ba. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma zargin ajandar Arewa bai tsaya ba, tunda waɗanda suka sayi bankuna biyar ɗin a 2011 ba 'yan Arewa ba ne.

Amma an biya farashi, kuma ba kowa ya biya daidai ba. A ƙa'ida mai hannun jari shi ke ɗaukar asara kafin mai ajiya, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ƙa'idar ta ɗauka cewa mai hannun jari ya san abin da ya saya. Baba da ire-irensa sun saya ne bisa lissafin da masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, hukumomi suka amince da shi, kuma babu wani tanadi da aka yi musu daban da na manyan da suka san gaskiyar lamarin. Shari'o'in ma sun yi tafiyar hawainiya. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 aka yanke masa hukunci, shekara goma sha biyu bayan sauke shi. Wata kotu a Landan ta gama da ƙarar da aka kai Akingbola tun 2012, ta umarce shi ya biya ɗaruruwan miliyoyin fam, yayin da tuhumar da ake masa a gida ta yi ta yawo daga alƙali zuwa alƙali.

AMCON ya wuce shekara goman da aka yanka masa, har yanzu yana bin bashin tiriliyoyi, yawancinsa a hannun mutane ƙalilan. Harajin da bankuna ke biya masa kuwa a kan abokan hulɗarsu yake ƙarewa. Bankunan uku da aka ƙwace ma ba su yi ƙarko a hannun masu saye ba. Skye da ya sayi Mainstreet a 2014 shi kansa an soke lasisinsa a 2018 ya koma Polaris. Heritage da ya sayi Enterprise an rufe shi a Yunin 2024, kuma a wannan karon ba a yi wa masu ajiya alkawarin 2009 ba: NDIC ta biya har naira miliyan 5, mai fiye da haka ya jira a sayar da kadarori. Wannan ya nuna cewa kariyar da Baba ya samu shawara ce ta waɗanda ke kan kujera a lokacin, doka ba ta wajabta ta ba. Rance ga masana'anta da manomi, wanda aka ce shi ne maƙasudin gyaran, bai zo yadda aka yi fata ba, domin da kuɗin ruwa ya hau, ba gwamnati rance ya fi wa bankuna sauƙi da riba.

A Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, na ƙasa da ƙasa zuwa naira biliyan 500, bankuna suka sake fitowa sayar da hannun jari, wannan karon ta waya. Ɗan Baba, wanda ke riƙe da shagon yanzu, ya nuna masa tallan a wayarsa. Baba ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar ambulan daga akwatin ƙarfen nan, ya zaro takardun hannun jarinsa na 2007, har yanzu tsaf da su da hatimin banki, ya miƙa masa ya ce ya fara karanta waɗannan tukuna.